Itacen manomi, alƙalamin masani: ina haɗin gwiwar bincike ya tsaya a Maraɗi?

A tarukan duniya kan muhalli, yau da wuya a watse ba a yi kira ga masana kimiyya su daina aiki su kaɗai, su haɗa hannu da mutanen da suka gaji ƙasa kaka da kakanni ba. Kiran yana da dalili. Wani lissafi da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na doron ƙasa yana hannun al'ummomin asali, a ƙasashe 87, kuma babban kaso na wuraren da ba a kai ga lalatawa ba a yankunansu yake. In ana neman misalin inda talaka ya farfaɗo da ƙasarsa da iliminsa, sunan Maraɗi na cikin waɗanda ake fara kamawa. Ana yabonmu da Turanci da Faransanci, a takardun da akasarinmu ba mu taɓa gani ba. Ni kuwa ina ganin yabo bai isa ba. Abin da ya faru a gonakinmu tun daga 1983 ya nuna ƙarara lokacin da haɗuwar masani da manomi ke haifar da alheri, ya kuma nuna inda ake tauye manomi ko da niyyar kowa kyakkyawa ce. Ma'aunin da zan riƙe ɗaya ne: in an gama aikin, wa ya mallaki abin da ya fito?

Halinmu ba irin na Ostireliya ko Kanada ba ne, inda baƙi suka zo suka zaune ƙasar mutane. A nan gona ta ci gaba da zama a hannun mai ita. Abin da aka ƙwace masa shi ne itacen da ke tsaye cikinta. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935 ta sa itatuwa masu daraja ƙarƙashin ikon hukuma, kuma dokar da Nijar ta yi a 1974 ta bi wannan sawu. Gawo na tsakiyar gonarka, amma ka sare reshensa ba da takarda ba, sai tara. Kafin nan ma akwai tsari na gargajiya, har a Damagaram ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya ɗora wa mai saran gawo, sai dai wancan tsari ya bar wa manomi ganye da 'ya'ya da inuwa. Sabuwar doka ta mai da itace abin jawo fitina. Mai hankali sai ya sare tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya kira masa ma'aikacin gandun daji. Ga kuma zamanin gyada, da malaman gona suka riƙa koyar da cewa manomin kirki shi ne wanda ya tumɓuke kututture ya bar gonarsa fes don garma ta wuce. Jama'a na ƙaruwa, hutun ƙasa na raguwa, sannan farin 1973 da 1974 ya zo ya ƙarasa.

Amsar masana a lokacin ita ce dashe. Aka buɗe wuraren renon itatuwa, aka raba dogon yaro da turare, aka killace filaye a bakin ƙauyuka. An kashe kuɗi masu yawa, kuma mafi yawan abin da aka dasa bai kai rani na biyu ba. Rana ta ƙone wasu, gara ta ci wasu, awaki suka ƙarasa saura. Babban dalilin dai shi ne itacen ba na kowa ba ne, don haka babu wanda zai ɗebo ruwan da ya sha wuyar jawowa daga rijiya mai gaba talatin ya zuba masa. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a nan garin Maraɗi, inda aka yarda cewa ba za a ci nasara ba sai jama'a sun ɗauki aikin nasu ne. Maganar gaskiya ce, amma fitar da ita daga takarda zuwa gona ya ɗauki shekaru.

Labarin da duniya ta sani

Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, shi ma da aikin dashe, shi ma yana kallon abin da ya dasa yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ke watse a gonaki, waɗanda ake sassabewa a ƙone kowace bazara, ba ciyayi ba ne. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun tuni, kuma saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta yi nisa, ta san inda danshi yake. Abin yi kaɗan ne. Manomi ya zaɓi toho ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, ya datse saura da kaifin wuƙa ko gatari, ya rage rassan ƙasa, ya kare shi daga dabba da mai sara, ya riƙa komowa yana gyarawa. Tunda saiwa tsohuwa ce, cikin shekara uku ko huɗu sai ga itace ya fi mutum tsawo. Wannan shi ne sassabin zamani.

Da farko mutane ƙalilan ne suka yarda, ana ta yi musu dariya cewa gonarsu ƙazama ce. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda tsofaffi ke kira El Buhari, aka riƙa ba da abinci ga wanda ya bar itace a gonarsa a ƙauyuka kusan 100. An bar itatuwa kusan rabin miliyan. Da abinci ya ƙare, aka sare mafi yawansu. Wannan gaɓa ce da masu ba da labarin ke wucewa da sauri, alhali a nan darasin yake. Abin da aka saya da buhu ya tafi tare da buhu. Waɗanda suka ci gaba su ne waɗanda suka ga da idonsu cewa hatsi bai ragu ba, iska ta daina binne musu shuka har su sake shuka sau uku ko huɗu, mace ta samu itacen wuta ba tare da tafiyar wuni ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A daidai lokacin kuma aka shawo kan hukumar gandun daji ta Maraɗi ta sassauta wa mai gona kan itacen da ya rena, sannan talaucin gwamnati da rikicin siyasa na shekarun 1990 suka rage yawon ma'aikata a karkara. Tsoro ya ragu, itace ya tashi. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 sun zo ne suna bin bayan abin da manoma suka riga suka fara.

Shi kansa Rinaudo ya sha faɗin cewa dabarar ba sabuwa ba ce. Shaidar haka tana gabas da mu: a Mirya da Magarya da Matamai, manoma sun cika gonakinsu da gawo ba tare da wani shiri na waje ya koya musu ba, saboda ƙasa ta yi musu kaɗan, babu halin barinta ta huta, kuma sun san abin da gawo ke yi mata.

Me kimiyya ta kawo?

Ba na cikin masu cewa manomi ya san komai, masani kuwa ɓata lokaci yake. Akwai abin da mutum ba ya iya gani daga cikin gonarsa. Shekara ashirin ana wannan aiki, amma rahotannin hukuma na ci gaba da cewa itatuwan Nijar ƙarewa suke, domin masu ƙidaya dazuzzukan gwamnati da filayen dashe kawai suke lissafawa, ba su ɗauki itacen gona a bakin komai ba. Sai wajen 2004 zuwa 2006, da Chris Reij ɗan Holan, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da masanin gandun daji ɗan Nijar Mahamane Larwanou da abokan aikinsu suka kwatanta hotunan sama na shekarun 1950 da na 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, sannan suka sauka suka bi ƙauyuka suna ƙirga. Daga nan aka samu alƙaluman da ake ta maimaitawa: hekta kusan miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Manomin Agye bai san cewa abin da yake yi ɗan Magarya ma yana yi ba, balle ya san cewa gaba ɗaya sun fi duk wani shirin dashe da aka taɓa yi a Sahel. Ƙidayar ce ta sa gwamnati da masu ba da tallafi suka juyo, ita ce kuma ta share hanyar dokar watan Yuli na 2020 da ta tsara sassabin zamani, ta tabbatar wa wanda ya reni itace a gonarsa haƙƙin amfana da shi.

Kimiyya ta kuma bayyana dalili. Kowa ya san hatsin gindin gawo ya fi kyau, kowa ya san gawo na zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Awo ya nuna cewa saiwarsa na tara sinadarin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, ga ganyen da ya zuba daidai lokacin shuka, ga kashin dabbobin da suka wuni a inuwarsa suna cin 'ya'yansa. Wanda ya fi burge ni shi ne binciken da aka yi kan sabara a Senegal. An zuba ruwa mai alama a can ƙasa inda saiwar sabara kaɗai ke kaiwa, bayan ɗan lokaci sai aka same shi a jikin geron da ke kusa. Ashe da dare sabara na jawo ruwa daga zurfi ta saki wani a saman ƙasa, gero ya sha. Manomi ya ga sakamako tun da daɗewa, amma babu yadda za a yi ya ga tafiyar ruwa a cikin ƙasa da tsakar dare. Sanin wannan yana canja shawara: sabara da kalgo, da ake ɗauka ƙananan abubuwa ne, sun cancanci a ƙara yawansu a jigawa.

Sai dai alƙaluma na buƙatar riƙo da hankali. Ana yawan ambaton ƙarin tan 500,000 na hatsi a shekara. Ƙiyasi ne da aka yi a 2009, an ɗauki matsakaicin ƙarin kilo 100 a hekta aka ninka da faɗin filin, ba wai an auna kowane rumbu ba. Wani bincike a gidajen manoman Maraɗi ya samu ƙarin kuɗin shiga tsakanin kashi 18 zuwa 24 cikin ɗari ga masu sassabin zamani, wanda alheri ne babba ga gidan talaka, amma ba ƙarshen talauci ba ne. Kada mu manta cewa a 2005, bayan shekara ashirin ana renon itace, Maraɗi ce ta zama cibiyar matsalar tamowar yara da duniya ta gani a talabijin. Gidajen da ke da itace sun samu abin sayarwa da ganyen ci, sun fi jurewa, amma itace bai sauke farashin tiyar hatsi a kasuwa ba. Masanin da ya ƙara wa labari gishiri don ya samu kuɗin aiki na gaba, ya cuci manomin da za a zo a ce masa ai matsalarka ta ƙare.

Akwai kuma batun suna. A 2018 aka ba Rinaudo babbar lambar yabo ta Right Livelihood da ake bayarwa a ƙasar Suwidin tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar zai, wato ramukan shuka masu tara ruwa da taki. Dukansu sun cancanta, kuma daɗi ne a ga manomi a kan wannan dandali. To amma a ɓangarenmu, miliyoyin hannayen da suka riƙe gatari suna fitowa ne a takardu da sunan "manoman yankin". Masani ya samu digiri da ƙarin girma, ƙungiya ta samu sabon tallafi, ƙauyen da aka yi wata guda ana yi wa tambayoyi bai ga ko shafi ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Illar ba ta tsaya ga rashin adalci ba, tana ɓata binciken kansa. Mutumin da aka sha yi wa tambaya ba a komo masa da komai ba, ya koyi amsa abin da yake zaton zai kawo tallafi. A tambaye shi damin da ya samu, ya rage. A tambaye shi ko yana bin sabuwar dabara, ya ce ƙwarai. Takarda ta cika, gaskiya ba ta shiga ba.

Inda aka yi daidai

A ƙasar Agye, shirye-shiryen da asusun bunƙasa noma na duniya ya tallafa sun sauya salo a hankali, daga kawo wa mutane fasaha zuwa neman abin da mutane suka ƙirƙiro a taimaka musu su inganta shi. Ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna a wannan fanni. Matsalar da mutanen garin suka kawo ba ta yadda ake datse reshe ba ce, wannan sun iya. Matsalarsu sata ce: ka reni itace shekara uku, wani ya zo da dare ya sare. Sai aka kafa kwamitin sa ido da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, aka yi ƙa'idoji da tara, da goyon bayan mai gari da na ma'aikatan gandun daji, har aka kai ga shirya kasuwar itace. Masana irin su Abasse Tougiani na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, sun yi aiki tare da su, suna auna abin da ke tsirowa da abin da ake samu. Tambayar daga ƙauye ta fito, shi ya sa amsar ta zauna.

Haka yaƙi da murzuna, tsutsar da ke cinye zangarniyar hatsi. Masu bincike a Maraɗi, ciki har da Ibrahim Baoua, sun yi aiki da wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke kashe tsutsar ta hanyar yin ƙwai a jikinta. A ɗakin gwaji abin ya yi, amma kai shi gona sai da manoma: ana sa ƙwarin a ƙananan buhunan algarara da ɗan hatsi, a rataye a gefen ƙauye lokacin da hatsi ke fitar da kai, su fita su bazu. Manomi ne ya san ranar da zangarniya ta fara, shi ya san gonar da ta fi shan wahala bara. Babu maganin feshi, babu bashin ɗan kasuwa.

Misalin da na fi so shi ne na tarayyar manoma ta FUMA Gaskiya, domin a nan ƙungiyar manoma ce ke riƙe da ragamar gwaji, masana na INRAN da na wata jami'ar Jamus suna taimakawa. Mata ne suka fi shiga, kuma matsalarsu sananniya ce: gamanarsu na nesa da gari, ƙasar ta gaji, ba su da amalanken kai taki, ba su da kuɗin takin zamani. Aka gwada yin taki da fitsarin mutum da aka adana a jarka a rufe na wata biyu zuwa uku har ƙwayoyin cuta su mutu, aka sa masa suna Oga don a rage ƙyama. Kafin a fara sai da aka zauna da malamai da shugabanni kan batun tsarki, abin da baƙon masani shi kaɗai ba zai san ta inda zai taɓa ba. Tsakanin 2014 da 2016 an yi ɗaruruwan gwaje-gwaje a gonakin matan kansu, kowace ta raba filinta biyu ta kwatanta, aka samu ƙarin amfani kimanin kashi 30 cikin ɗari. Mace da ta auna da hannunta ba ta buƙatar wani ya zo ya shawo kanta, kuma ita ce za ta gaya wa maƙwabciyarta a bakin rijiya.

Wace al'umma?

Nan ne wuri mafi wuya. Masu rubuta shiri kan ce sun tuntuɓi al'umma, alhali mai gari da dattawa biyar suka gani a zaure. Ƙauye ba baki ɗaya ba ne. A kudancin Maraɗi, inda jama'a suka yi yawa gona ta yi kaɗan, binciken Marthe Diarra da Marie Monimart ya nuna yadda ake janye mata daga noma, gamana ta koma cikin gandu, wani lokaci a fake da kulle. In itace na mai gona ne, mai gona kuwa namiji ne, to matar da a da take shiga saura ta yi itace ta tsinko ganye kyauta, yau sai ta roƙa ko ta saya. Wanda ya ari gona ko ya karɓi jingina shi ma ba ya son renon itace, don mai ƙasa na iya ɗaukar haka a matsayin neman mallake wuri, ya karɓe abinsa.

Makiyaya kuma nasu ya fi tsanani. Da rani Bafulatani na sassaro reshen gawo ya ba shanunsa, kuma tsohuwar al'ada ta yarda da haka tunda shanun na barin taki. Yau wannan reshe yana da mai shi da ke ƙirga shi kuɗi. Burtali ya matse, gonaki sun haura arewa sun wuce iyakar noma da dokar 1961 ta shata, sun shiga kwarin Tarka da ƙasar Dakwaro. Mutanen wannan jiha ba su manta da ƙauyen Toda ba, inda a 1991 aka kashe Fulani fiye da 100, akasari mata da yara. Duk binciken ƙasa da ya zana taswira da daminar manomi kaɗai, bai tambayi wanda ke ratsa wurin da rani ba, yana iya zama makami a hannun ɓangare ɗaya ranar shari'a. Ilimin makiyayi kan ciyawa da ruwa da lafiyar fili ba ya ƙasa da na manomi, sai dai shi ba a same shi zaune ranar da motar masu bincike ta iso ba. Kwamitocin filaye da dokar karkara ta tanada, tun daga ƙauye har gunduma, suna da kujerar makiyaya da ta mata. Mai bincike da ke son gaskiya ta nan zai bi, ya kuma tsara zuwansa da lokacin da garke ke nan.

Abin da wasu suka ƙwato

A wasu ƙasashe an wuce matakin roƙo. Al'ummar San ta kudancin Afirka ta wayi gari an yi rajistar mallakar sinadarin wani tsiro da kakanninsu ke ci don kashe yunwa a tafiyar farauta, ba da saninsu ba. Sun yi tsaye har aka yi yarjejeniyar rabon riba a 2003, kuma a 2017 suka fitar da nasu ƙa'idojin da duk mai son bincike a cikinsu sai ya bi. A 2019 masu sana'ar shayin rooibos a Afirka ta Kudu suka amince su riƙa biyan kashi 1.5 cikin ɗari na farashin gona ga al'ummomin San da Khoi. Dogon yaron da ke ƙofar gidajenmu ma an taɓa ba wani kamfanin Amurka haƙƙin mallakar maganin da ake samu daga gare shi a Turai, sai da aka kai ƙara aka soke a 2000, saboda manoman Indiya sun daɗe suna amfani da shi. A arewacin Ostireliya, masana sun auna tsohuwar al'adar 'yan asalin ƙasar ta cinna ƙananan wutar daji da farkon rani don hana babbar gobara daga baya, suka tabbatar tana rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma daga 2006 wani kamfanin iskar gas ya riƙa biyan masu ƙasar don su ci gaba da yi. Mu a nan wutar daji abokiyar gaba ce, makiyayan arewa hanyoyin kashe ta suke sharewa, don haka ba dabarar za mu ɗauka ba. Tsarin za mu duba: iliminsu, awon masana, kuɗin kuma ya shiga hannunsu.

Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda Nijar ta amince da ita, ta ce ba a ɗaukar iri ko tsiro ko ilimin gargajiya da ke tattare da su sai da yardar masu shi tun kafin a fara, da kuma yarjejeniyar rabon amfani. Mutum nawa ne a Mayayi ko Gazawa suka taɓa jin wannan? Batun ya zama na gaggawa, domin itacen da ke tsaye yanzu yana da farashi a kasuwar duniya saboda iskar da yake shanyewa, kuma daga sama ana iya ƙirga kowane gawo ba tare da an yi wa mai shi sallama ba. Wanda ke riƙe da ƙidayar shi zai yi ciniki. In manomi ya sa hannu a takardar da ta hana shi saran itacensa shekaru masu yawa don kuɗin da bai san yawansu ba, to mun koma 1935 ta wata ƙofa.

Abubuwan da ya kamata ƙauye ya nema ba su fi ƙarfin kowa ba. A faɗa masa da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek abin da ake nema da wanda ya biya kuɗin aikin, a kuma yarda cewa yana iya cewa a'a. A bar kwafin taswira da alƙaluma a hannun kwamitin filaye ko ƙungiyar manoma. A komo da sakamako a dandali, da baki, a sa a rediyon gari, a aika ta saƙon murya a WhatsApp tunda ta nan labari ke yawo yanzu. Wanda ya ƙirƙiro dabara a rubuta sunansa da na garinsu in ya yarda. A biya shi lokacinsa a matsayin abokin aiki, ba kuɗin zama da ake ba mutum don ya cika benci ba. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da cibiyar INRAN ta Tarna su ne suka fi dacewa su tsaya a kan wannan, tunda ɗalibansu 'ya'yan waɗannan gonaki ne, kuma su ba za su hau jirgi su tafi bayan shekara uku ba. Su ma suna da nasu ƙorafi, don sau da yawa kuɗi da tambaya daga waje suke zuwa, a bar wa masanin gida aikin tara bayanai da tafinta.

Tambayoyin da manoma ke yi yanzu suna nan suna jiran mai ɗauka. Abin da ya fi tofowa sabara ce da kalgo da taramniya, amma kirya da danya da tsamiya, waɗanda kututturensu ya mutu tuni, ba sa komowa da kansu, ta yaya za a maido su ba tare da an sake faɗawa ramin dashen da ya gaza ba? Itace nawa hekta ɗaya ta jigawa za ta ɗauka kafin inuwa ta fara cin hatsi, kuma lissafin ɗaya ne da na geza da fadama? Kauci na kama manyan itatuwa, tsuntsaye na samun wurin kwana kusa da zangarniya, goribar Gulbin Kaba na shan yanka tun tana kaba. Ga kuma gado: uba ya rasu ya bar gona ɗaya da gawo bakwai da 'ya'ya goma sha biyu, maza da mata, kuma in za a yi rabo ƙasar kaɗai ake aunawa da igiya.